Makokin da Inna Hure Ba Ta Gama Ba

Katangar da ta raba gidana da gidan Mati ba ta wuce kafaɗata ba, ni kuwa ba dogo ba ne. Tun da ruwa ya cinye kanta muka yi alkawarin ɗaga ta tare. Shi yana jiran albashina, ni ina jiran amfanin gonarsa, har yau ba wanda ya iso. Saboda haka abin da zan ba da labari ba leƙe na yi ba. Shi ya ƙetaro ya same ni a tsakar gidana.

Shekarar ce da man fetur ya tashi ya ja komai ya bi shi sama. A Kanyar Maje, ƙauyenmu da ke tsakanin Bici da Dawakin Tofa, gidan da ake ɗora tukunya safe da yamma ya zama abin nunawa da baki. Damina ta yi tsakiya, gero ya fitar da kai bai nuna ba, rumbuna kuwa sai ɓeraye, su ma suna shirin ƙaura. Ni malamin firamare ne, wato mutumin da ake saurara da ladabi har ya gama magana, sannan a je a yi abin da aka yi niyya.

Inna Hure, mahaifiyar Mati, mantuwa ta kama ta tun da hawan jini ya kayar da ita. Ta san Mati. Ta san salla, wani lokaci ma takan yi azahar ta sake yi. Abin da ya faru jiya kuwa ba ya kwana a kanta. Kullum da hantsi takan fito ƙofar zaure ta zauna a kan wani tsohon turmi da aka kife, duk wanda ya wuce ta tambaye shi, "Ko ka ga Iliyasu a hanya? Ya tafi birni, ya ce ba zai daɗe ba."

Iliyasu ɗanta ne na fari. Ubansa wani Ba'indiye ne Musulmi, malamin lissafi da gwamnati ta kawo koyarwa a zamanin da, ya aure ta, aikinsa ya ƙare ya koma ƙasarsu, ya bar mata yaro mai gashi kamar siliki. Ta dawo gida da goyo, ta auri uban Mati. Gashin nan shi ya kai Iliyasu fim. Shekaru ya yi yana zagaya bishiyoyi da 'yan mata yana waƙa, kowa ya san Iliyasu Ba'indiye. Da gashin ya fara guduwa, tumbi ya iso, sai waƙoƙin suka koma wa yara. Shi kuma ya ce ya zama darakta.

Ranar wata Laraba sai ga bas ta shigo gari tana tsalle a kwazazzabai, da kyamara da janareta da buhunan shinkafa a samanta. Ba na ce mutane sun kalli kyamarar ba. Iliyasu ya sauko da hular hana-salla da baƙin tabarau, ya nufi turmin, ya durƙusa.

"Inna, ni ne."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara mayafi kamar yadda ake yi wa baƙo. "Sannu da zuwa, Alhaji. Daga birni? Ko ka ga Iliyasu a can?"

Mutane suka yi dariya. Shi ma ya yi, tasa ta fi ta kowa ƙarfi.

Fim ɗin, in ji shi, na faɗakarwa ne, a kan 'ya'yan da ke tafiya birni su manta da iyayensu. A gidan Mati za a ɗauka, don gidan ƙasa ne na gaske, ba sai an ɓata lokaci wajen talautar da shi ba. Daga ranar hayaƙi ya fara tashi a gidan safe da yamma, Safara'u matar Mati tana dafa wa ma'aikata, 'ya'yanta suna cin abin da ya rage, abin da ya ragen kuwa ya fi abin da suka saba gani. Ni ma na je ko za a ba ni wani ɗan matsayi, ko da na mai wucewa ne. Usaini mai kyamara ya dube ni ta cikin gilashinsa, ya ce in matsa ina tare masa akuya.

Matsalar ta taso ne daga matar da suka zo da ita don ta fito a uwa. Ba ta iya kuka ba. An shafa mata man zafi a ƙarƙashin ido, an yanka mata albasa, hawaye ya zo amma fuskar ta ƙi. Ina daga gidana ina jin Iliyasu yana cewa, "Hajiya, ɗanki aka ce ya mutu, ba wayarki ce ta faɗa rijiya ba!"

Aka sake. Mai kawo labari ya shigo tsakar gida ya yi sallama, ya ɗaga murya yadda aka koya masa: "Inna, sai haƙuri. Ɗanki da ya tafi birni, mota ta kife da su. Ya rasu."

Inna Hure tana bakin ƙofar ɗakinta tana tsince wake a faifai. Ba wanda ya tuna da ita. Faifan ne ya fara faɗuwa. Sannan ta miƙe, ta ce, "Iliyasu?" a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci. Sai ta kira sunan da dukan abin da ke cikinta.

Na ji kukan mutuwa da yawa a garin nan, aikin maƙwabci ne. Ban taɓa jin irin wannan ba. Ba ihu ba ne. Salati take yi, yana karyewa a tsakiya, sunan yana fitowa ta wurin karayar. Matata Zulaihatu ta saki muciya ta dafa katanga. Ta kan katangar na ga kowa ya daskare, ban da Usaini, wanda ya juya kyamararsa a hankali kamar mai bin tsuntsu.

Mati ya rungume ta yana cewa wasa ne, Inna, wasa ake yi. Ba ta ji ba. Sai da ta gaji ta yi barci a kan tabarma. Iliyasu kuwa ya zauna a inuwar darbejiya shi da Usaini, suna kallon abin da aka ɗauka, suna mayarwa baya suna sake kallo. Ya cire tabaransa ya goge ido. Na ɗauka nadama ce.

Washegari da hantsi tana kan turminta. "Malam Uwaisu, ina kwana? Ko ka ga Iliyasu a hanya?"

Iliyasu yana tsaye a zaure ya ji. Kafin la'asar an sa Hajiya mai albasa a mota ta koma Kano.

Abin da aka ɗauka jiya, in ji Usaini, bai isa ba: rana ta haske fuskar, janareta ya shiga cikin sautin. Dole a sake. Amma da mai kawo labarin ya sake shigowa, Inna ta dube shi kawai ta ce ya zauna a kawo masa ruwa. Baƙo ne, yau ba ta kama maganarsa ba. Mutum ɗaya ne in ya faɗa mata abu yake shiga. Na ga Iliyasu ya ja ƙanensa bayan rumbu, sun daɗe. Da suka fito Mati bai dubi kowa ba. Ya je ya durƙusa a gabanta, bayansa ga kyamara.

"Inna."

"Na'am, Mati. Ka ci abinci?"

"Inna, sai haƙuri. Yaya Iliyasu ya rasu."

Iliyasu na tsaye bai fi taku kaɗan da ita ba, da tabarau, hannunsa a sama, yana yi wa Usaini alamar ya matso kusa.

Da a ce sau ɗaya aka yi, da yanzu ina ba da labarin wani abu dabam. Amma ranar zakara ya yi cara a tsakiyar kukan. Washegari hadari ya taso haske ya ɗauke. Wata rana ana son fuskarta daga dama, wata rana hannuwanta kawai. Wata rana komai ya yi daidai, sai Iliyasu ya ce fim ɗin zai fi kyau in an raba shi kashi-kashi, kowane kashi yana buƙatar uwar ta tuna. Tunda sunan Iliyasu take kira, sai ya sake wa ɗan da ke cikin labarin suna, ya kuma ɗauki matsayin da kansa, da gashin kanti a ka. Kullum da safe ta manta. Kullum kafin azahar Mati ya durƙusa.

Inna Hure mutuniyar da ce. A yadda ta taso, gidan da aka yi rasuwa ba a hura wuta sai an yi sadakar uku. Maƙwabta ne ke kawo abinci. Da ta ga hayaƙi a madafa sai ta miƙe. "Safara'u, ba ki da kunya? Gawa ko sanyi ba ta yi ba kin ɗora shinkafa?" In an kawo mata kwano ta ture. Ba za ta ci daga tukunyar gidan makoki ba sai an yi uku. Uku kuwa ba ta zuwa, domin a wurinta kullum ranar farko ce. Da safe, kafin a faɗa mata, takan sha ɗan koko. Shi ke nan abincinta har wata safiyar.

Zulaihatu ce ta gano hanya. Ni ina ta shirya jawabi a kaina, ita ta zuba ɗan tuwon da muke da shi a kwano, ta miƙa ta kan katanga ta ce, "Inna, ga abincin maƙwabta. Ya haƙuri?" Inna ta karɓa hannu biyu. "Haƙuri sai ma'aiki. Allah ya ba da lada, 'yar nan." Ta ci loma biyu uku. A gidan da ake dafa shinkafa da mai, tsohuwar ta koma rayuwa da tuwon malamin firamare, wanda ko malamin bai isa ba. Da Safara'u ta gane, sai ta riƙa miƙo mana shinkafar ta bayan ɗaki mu juye a kwanonmu mu mayar. Inna ta ɗanɗana ta ajiye. Ta san hannun surukarta a girki, duk da ba ta san ɗanta na fari ba.

Na sami Mati a gona yana cire ciyawa a gyaɗa. Na yi masa jawabina. Ya saurara da ladabi.

"Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne," ya ce. "Amma ka ga gyaɗar nan? Ba ta ga taki ba bana sai da Yaya ya zo. Yarana sun kwana nawa da ruwan kanwa a ciki kafin bas ɗin nan ta shigo, kai shaida ne, katangar ba ta da tsawo. Kuma ai ba ta tunawa. Gobe da safe ka tambaye ta, za ta ce maka lafiya lau. Abin da mutum bai tuna ba, ya same shi ke nan?"

"Jikinta yana tunawa, Mati. Ka dubi wuyanta."

"Saura kaɗan a gama," ya ce, ya sunkuya ga ciyawarsa.

Da na je wurin Safara'u, ba ta bari na gama sallama ba. "Malam Uwaisu, shekara nawa ina wanke mata zani in ta ɓata, ina bin ta in ta ɓace a gonakin mutane? Wa ya taɓa ƙetaro katanga ya ce sannu? Sai yau da 'ya'yana suka ƙoshi kowa ya zama mai tausayi. Da can ma ai kuka take yi, na jiran wanda ba ya zuwa. Yanzu dai kukan yana kawo abinci."

Iliyasu kuwa kujera ya sa aka kawo mini, har da lemon kwalba. Na sha, ba zan ɓoye ba. Na daɗe ban ga irinsa ba.

"Malam, kai mai ilimi ne, za ka gane," ya ce. "Wa ake cewa ya mutu? Ni ne. To ni ban damu ba. Kuma fim ɗin nan, duk ɗan da ya kalla sai ya ɗauki waya ya kira uwarsa. Lada nawa ke nan Inna za ta samu?"

"Kai ka kira taka?"

Ya juya kwalbar da ke hannunsa. "Ka san shekara nawa na yi ina rawa a gindin bishiya? A garin nan ni Ba'indiye ne, yara na bi na suna ja mini gashi. A Kano ni Ba'indiye ne, a ba shi fure ya yi waƙa. Na je neman izinin shiga ƙasar ubana, suka dube ni suka ce in kawo shaida. Ba wanda ya taɓa kallona ya ga mutum mai abin faɗa. Wannan ne karo na farko da na riƙe abu na gaske a hannuna." Ya nuna ɗakinta da haɓa. "Kuma in gaya maka wani abu? Na durƙusa a gabanta ta kira ni Alhaji. Sai in an ce na mutu take sanina. Ban taɓa sanin tana so na haka ba, Malam. Kullum sai na ji."

Na tashi. Na je wurin liman, ya ce zai yi nazari a kai. Na lura an kai masa rabin buhun shinkafa ranar Juma'a, to nazarin ya yi tsawo.

Rana ta ƙarshe ita ce ta ɗaukar gawa. Mati ya faɗa mata kamar kullum, amma yau muryarta ta dushe, sunan yana fitowa kamar iska ta ƙofar kara. Iliyasu ya matso bayan kyamara yana cewa, "Ƙara, Inna, ƙara kaɗan. Ɗago kai. Ƙara." Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana kallon baƙin gilashin nan.

Sai ta rarrafa ta shiga ɗaki, ta buɗe adakarta, ta fito da farin yadi a naɗe. Likkafaninta ne, wanda ta saya da kuɗin ƙuli-ƙulinta tun tana da ƙarfi, tana fitar da shi ta sha masa iska duk shekara. Ta miƙa wa Mati. "Ku sa masa wannan. Kada a binne mini ɗa a tsumman asibiti."

Mati ya tsaya da yadin a hannu kamar an ɗora masa garwashi. Usaini ya ce, "Darakta, wannan fa ya fi namu kyau."

Suka naɗe damin karan dawa da shi, suka ɗora a makara, suka fita da salati. Inna ta bi su tana dafa bango har zaure. "Ku bari in ga fuskarsa. Mati, fuskarsa kawai." Ba a buɗe ba, don kara ba shi da fuska. A bakin zaure ta tsaya, inda mata ke tsayawa, ta bi makarar da ido har ta sha kwana a bayan masallaci.

Washegari bas ta tafi. Aka bar wa Mati ragowar shinkafa da buhun taki. Na fita da hantsi zan tafi makaranta, na tarar da turmin ba kowa.

Tana cikin ɗaki, a kan tabarma, ta juya wa ƙofa baya. Zulaihatu ta leƙa ta gaishe ta. Inna ta ce, "Kin ji abin da ya same mu? Iliyasu ya rasu jiya."

Ba wanda ya faɗa mata ranar. Abin da aka yi ta bugawa a wuri ɗaya ya shiga ya zauna. Kan da ba ya riƙe ko abincin da ta ci ɗazu ya riƙe wannan, ya kuma riƙe shi da "jiya" a manne. Mati ya durƙusa a inda ya saba durƙusawa, ya rantse mata da Allah cewa Yaya yana Kano lafiyarsa ƙalau. Ta ce, "Kai da bakinka ka faɗa mini. Kada ka yi wasa da mamaci." Ya kira shi a waya, fuskarsa ta fito, ya kai mata har ido. Ta kawar da kai. Aka dama gumba aka raba wa yara, aka tara mu muka yi addu'a, aka ce mata ga sadakar uku an yi, ta iya cin abinci. Ta yi godiya, ta sa wa kowa albarka. Da gari ya waye ta ce Iliyasu ya rasu jiya.

Gero ya nuna, aka fara yanka, gari ya ɗan numfasa. Inna Hure kuwa ta koma kamar tsinken tsintsiya. Ko kwanon Zulaihatu yanzu sai ta karɓa ta yi addu'a ta ajiye. Da ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya, Mati ya aika Kano cewa in ana son a gana a zo.

Iliyasu ya zo shi kaɗai a motar haya, da rana tsaka. Mati ya kira ni, wai in zama shaida, ban san ta mece ce ba. Muka shiga ɗakin. Iliyasu ya cire tabarau ya soke a aljihun gaban rigarsa, ya cire hula, ya durƙusa a gefen tabarma. Kowa ya san abin da ya kawo shi. Ba ɗan da ke son uwarsa ta tafi bai ji kalmar nan daga bakinta ba.

"Inna, ni ne Iliyasu. Ban mutu ba. Ki yafe mini."

Ta buɗe ido. "Ka zo gaisuwa, bawan Allah? An gode. Abokinsa ne kai?"

"Ni ne, Inna. Taɓa ni ki ji."

Ya kamo hannunta ya ɗora a kansa. Yatsunta suka yi yawo a kan sanƙon, suna neman abin da ba ya nan. Ta janye hannun a hankali, don kada ta kunyata baƙo.

"Nawa gashi gare shi," ta ce. "In na shafa masa man gyaɗa har sheƙi yake. Yara na ja masa, ya zo yana kuka, in ce bar su, baƙin ciki suke."

"Inna, don Allah ki ce kin yafe mini."

"Me ka yi mini? Ban san ka ba, ɗan nan. Wanda zan yafe wa yana ƙasa. Shi kam na yafe masa duniya da lahira. Bai taɓa ɓata mini rai ba, hanya ce kawai ta yi masa nisa."

Iliyasu ya kifa kansa a tabarma, kafaɗunsa na rawa. Na ga Mati ya saki ajiyar zuciya, kamar yana ganin wannan ma ta isa, a lallaɓa a karɓa. Amma ba ta gama ba. Ta yi ta jan numfashi har ta tara abin da zai ishe ta.

"Mutum ɗaya ne ban yafe wa ba. Ranar da aka kawo gawar, akwai wani mai baƙin gilashi a ido. Ina kuka yana cewa in ƙara. Na roƙa a nuna mini fuskar ɗana, ya ce a wuce." Ta rufe ido. "In ka san shi, ka gaya masa Allah ya isa tsakanina da shi."

Hannun Iliyasu ya tafi aljihun rigarsa ya rufe shi.  A waje ana ta sussukar sabon gero, taɓarya na amsa taɓarya.

Ta rasu kafin a kira la'asar. Da mata suka buɗe adaka neman likkafani, sai tsofaffin zannuwa da ƙwaryar goro. Yadin ya tafi Kano cikin kayan aiki, Usaini ya ce a waya yana jin an yi amfani da shi wajen tare hasken rana a wani fim ɗin. Mati ya hau babur ya je Bici ya yanko wani. A gidan ba a hura wuta ba sai da aka yi uku. Wannan karon ukun ta zo a kan lokacinta.

Fim ɗin ya fita bayan salla, ya kuma karɓu. An gayyaci Iliyasu gidajen rediyo, an ce ashe Ba'indiye ba rawa kaɗai ya iya ba. Na ji shi da kunnena yana cewa ya sadaukar da aikin ga mahaifiyarsa, Allah ya ji ƙanta, wadda ta ba shi goyon baya har ƙarshen rayuwarta. Mai tambayar ya ce tsohuwar nan ai ta fi ƙwararru iya kuka, ina ta koya? Iliyasu ya ce baiwa ce.

Ba ƙarya ya yi ba da ya ce 'ya'ya za su kira iyayensu. Na san waɗanda suka kira. Mati ya sami gyaɗa mai kyau bana. 'Ya'yan Safara'u sun yi kumatu. Liman ya gama nazari, ya yi huɗuba mai ratsa jiki a kan haƙƙin uwa. Duk wanda ka tambaya a cikinsu yana da dalili, kuma dalilin yana da ƙafafu, yana tsayawa. Ita kaɗai ce ba a tambaya ba, don an ce ba za ta tuna ba. A gidaje nawa ake faɗin haka a kan tsohon da ke ɗakin baya, ana cin gonarsa, ana dangwala yatsansa a takarda, ana magana a kansa yana zaune? Mantuwarsa ta zama izini. Ba a lura cewa mu da muke da cikakken hankali mu ne muka fi saurin mantawa.

Sai dai Inna Hure ba ta bar mu mun manta ba. An yanko wurin kukan nan ana ta turawa a wayoyi. Kana zaune wurin mai shayi sai ka ji ta daga aljihun wani. Kana cikin motar Dawakin Tofa, sai salatin nan mai karyewa ya taso daga kujerar baya, wani saurayi yana cewa, "Kai, tsohuwar nan ta iya!" Matar da aka binne a bayan masallaci tana nan tana yawo a gari, kullum ana faɗa mata, kullum jiya ne.

Ranar Asabar da ta wuce, da azahar, ina zaune ina gyaran takardun yara, sai muryar ta ƙetaro katanga. "Iliyasu?" A hankali, kamar mai tashin yaro daga barci. Wata baƙuwa ce ta zo wurin Safara'u, take nuna mata a waya, ba ta san gidan da take zaune ba.

Na juya in yi wa Zulaihatu magana. Tana tsaye a jikin katanga, ta riga ta zuba tuwo a kwano, ta ɗaga shi sama da hannu biyu, tana jiran a karɓa.